Assassin's Creed III Remastered: gyara aka yi ko fenti aka shafa?

Abba Gwale:
Salamu alaikum 'yan gida. Daren jiya na ƙarasa Assassin's Creed III Remastered a PS4, har yanzu abin bai sake ni ba. Na asalin na buga shi a PS3 ɗin yayana ina sakandare. A lokacin sara da gudu a kan rufin gidaje kawai nake nema, in an fara magana sai in ƙosa a wuce. Wannan karon na zauna na saurari kowace kalma, sai na ga ashe ban san gem ɗin ba. Labarin Connor, jarumin gem ɗin, ya fi yadda na ɗauka nauyi nesa ba kusa ba. Amma kwaskwarimar da aka yi masa a 2019 ta bar ni da tambaya: me aka gyara? An ƙara haske, an ƙawata ciyawa da itatuwa, amma duk abin da ya ba mu haushi tun 2012 yana nan daram. Wanda bai buga ba ya yi haƙuri, za mu taɓo ƙarshen labari.

Sadik PS:
Wa alaikumus salam. Abba, ni fuskokin ne suka fara kashe mini jiki. Ka dubi Haytham, mahaifin Connor, a gidan wasan kwaikwayo na Landan, farkon gem ɗin. A tsohon akwai inuwa a fuskarsa, kana ganinsa ka san mutumin nan yana ɓoye wani abu a ransa. A sabon kamar an shafa masa man kaɗanya an haska shi da cocila. Sun canza tsarin hasken gaba ɗaya amma ba su sake zana fuskokin don su dace da shi ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ummi Zariya:
Yaya Sadik, da ofdet ka buga ko yadda ya zo a faifai? Don sun fitar da gyara daga baya, fuskokin sun ɗan dawo hayyacinsu. Ban ce sun kai na da ba, amma ba su kai munin hotunan da aka yi ta yaɗawa a makon farko ba. Kuma a yi adalci, ka fita daji. Ka hau bishiya a Frontier da hantsi lokacin sanyi, ka ga yadda rana ke ratsa rassa tana sauka a kan dusar ƙanƙara, Connor yana nutsewa har gwiwa yana jan ƙafa da ƙyar. Na tsaya a wurin nan na ajiye hannun gem ɗin na fi minti biyar ina kallo kawai. Wannan bai taɓa fitowa haka a PS3 ba.

Sadik PS:
Da ofdet ne ƙanwata. Dajin na yarda. Amma labari a fuskar mutane yake, ba a ganyen bishiya ba.

Musa Damagaram:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ni tawa matsalar tun kafin in ga fuskar kowa ta fara. Gem ɗin ya haura giga 40. Kwana huɗu na yi ina sauke shi, da dare kaɗai, ana yanke kuran ana maidowa. Da ya gama sai na tarar babu wasan haɗaka na intanet, sun cire shi ɗungurungum. Wanda ya san na asali ya san daɗin wannan ɓangaren, ka saje cikin taro kana farautar mutum wani kuma yana farautarka. Sai dai kuma abin da suka zuba a madadinsa ba kaɗan ba ne: ga Liberation cikakke, ga The Tyranny of King Washington kashi uku, ga mishan ɗin Benedict Arnold. Ni ta tikitin ƙarin Assassin's Creed Odyssey na same shi, wanda a lokacin kuɗinsa dala 40 ne, daidai da kuɗin gem ɗin shi kaɗai a lokacin da ya fito. Ta wannan hanyar kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abba Gwale:
Malam Musa, yawan kaya ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne sun san inda ciwon yake. Shekara bakwai mutane suna kuka da abu ɗaya. Ka tuna bin Charles Lee, babban maƙiyin Connor, a ƙarshe, a bakin tashar jiragen ruwa? Ganguna suna fashewa, sojoji sun tare hanya, ka shiga jirgin da ke cin wuta, Connor ya maƙale a jikin katako yana ƙoƙarin hawa abin da ba ka ce ya hau ba, Lee ya yi nisa, a maido ka baya. Sau goma sha ɗaya na maimaita shi jiya. Wurin da ya kamata zuciyarka ta cika da abin da mutumin nan ya yi wa Connor tun yana yaro, sai ta cika da haushin maɓalli. Wannan shi ne abin da mai gyara zai fara taɓawa, kafin ciyawa.

Bash Kawo:
Ka manta dokin Paul Revere. Yana bayanka a kan doki ɗaya yana ta ihun hagu da dama, dokin kuma ko ɗan dutse ya gani sai ya ƙame.

Ummi Zariya:
Dokin kam ba mai kare shi. Amma ba gaskiya ba ne a ce ba su taɓa yadda ake bugawa ba. Yanzu kana iya yin fito daga cikin ciyawa ka jawo soja, a da sai a bayan kusurwa. Kana iya kashe biyu lokaci guda cikin sanɗa ba tare da wahala ba. Kana iya saita baka da hannunka ka harba inda kake so. Ƙaramar taswirar ma tana nuna inda maƙiyi ya fuskanta. Ni da nake son sanɗa, waɗannan sun canza mini sansanonin sojoji sosai. Na ƙwace sansani guda ba wanda ya gan ni sai da na kunna wa rumbun albarushi wuta.

Bash Kawo:
To amma an ba ki kayan sanɗa a gem ɗin da ba a gina shi don sanɗa ba. Sojan da ke can ƙarshen titi zai hango ki ta bayan gida, wanda ke gabanki kuma bai gan ki ba. Rufin gidajen Boston cike da masu gadi, titunan kuma faɗi gare su, ba kamar Florence ko Venice na Assassin's Creed II da kake tsallake rufi zuwa rufi ba. Ga ramukan ƙarƙashin ƙasa da sai ka bi su da fitila kafin a buɗe maka wuraren saurin tafiya. Wa ya roƙi wannan? Shi ma sun bar shi yadda yake.

Malam Nura:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofar. Ni tarihi nake koyarwa, kuma ɗana ne ya sa ni zama a gaban wannan gem, ina kallo yana bugawa, daga baya na karɓa. Abin da ya kama ni shi ne ba su mayar da juyin juya halin Amurka tatsuniyar waliyyai ba. Galibin abin da ake nuna mana daga can, Washington da mutanensa masu neman 'yanci ne, Ingila kuma azzaluma, shi ke nan. A nan an ɗauko yaro ɗan ƙabilar Mohawk, Ratonhnhaké:ton, wato Connor, aka ce ta idonsa za ka kalli komai. Yana nan a kisan Boston na 1770, yana cikin jirgi ana zubar da akwatunan shayi a teku a Disambar 1773, yana Bunker Hill a 1775, yana Valley Forge cikin sanyi. Duk yana yi ne da zaton in waɗannan mutane suka sami 'yancinsu, ƙauyensu zai tsira. A ƙarshe ya koma ya tarar da ƙauyen wayam, wani mafarauci zaune a bakin wuta yana gaya masa sabuwar gwamnati ta sayar da ƙasar. Ya je tashar jirgi a New York ana murnar tafiyar sojojin Ingila, ya waiga ya ga ana cinikin bayi a gefe. Ba a yi dogon bayani ba, an bar ka da idonka.

Kuma wannan ba ƙirƙira ba ce. A 1779 Washington ya tura rundunar Janar Sullivan ta ƙone garuruwan Iroquois fiye da 40 da gonakinsu na masara. Yarjejeniyar Paris ta 1783 da ta kawo ƙarshen yaƙin ko ambaton 'yan asalin ƙasar ba ta yi ba, alhali ƙasarsu ake rabawa.

Abba Gwale:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan wurin cinikin bayin ne ya hana ni barci. A 2013 na gan shi ban ma gane me ake nuna mini ba.

Malam Nura:
Amin. Sai dai kada a ɗauke shi littafin aji. Akwai inda suka lanƙwasa tarihi don labari ya tafi. Gem ɗin ya ɗora wa Washington ƙona ƙauyen su Connor a 1760, alhali ya ajiye aikin soja tun ƙarshen 1758, yana gonarsa a Virginia. Sannan yawancin Mohawk Ingila suka mara wa baya a yaƙin, ƙarƙashin jagora irin Joseph Brant, don sun ga masu kwararowa suna cinye musu ƙasa ta ɓangaren 'yan mulkin kai suke. Oneida da Tuscarora ne suka bi Amurkawa. Gem ɗin ya taɓo wannan ta hanyar Kanen'tó:kon, abokin Connor na yarinta, amma a gurguje. William Johnson kuwa da gaske ya mutu a 1774 ana tsakiyar taro da Iroquois a gidansa, amma ciwo ne ya kashe shi, ba wuƙa ba. Dabararsu ke nan: su nemo wanda ya mutu a shekarar da ta dace, su saƙa labarinsu a kai.

Hajiya Bilki:
Malam, ni abin da ya burge ni harshen ne. Sa'ad da yaran suke wasan ɓuya a daji, da Mohawk suke magana, kai kuma kana karanta fassara a ƙasa. Ba Turanci aka ba su da karyayyen harshe ba. Sun nemi masu harshen daga Kahnawake a Kanada suka yi aiki tare. Mu da muka saba jin an saka Hausa a finafinan waje an kwaɓa ta yadda ko Bahaushe ba ya ganewa, mun san darajar wannan.

Sadik PS:
Duk na ji, amma a gaya wa juna gaskiya: Connor ba shi da armashi. Daga Ezio na Assassin's Creed II mai fara'a da iya zance aka kawo mu wurin wanda kullum fuska a murtuke, ba abin da ya sani sai tambayar inda Charles Lee yake. Haytham ya fi shi komai. Sassa uku na farko da ka yi da Haytham, har zuwa inda aka juya maka kwanya ka gane ashe Templar, maƙiyin Assassin, kake bugawa, sun fi sauran gem ɗin daɗi. In da shi aka ba gem ɗin gaba ɗaya da an huta.

Hajiya Bilki:
Sadik, ƙanena, yaron da ya ga uwarsa a cikin wuta yana ɗan shekara huɗu, katako ya danne ta, yana ja ya kasa, ana janye shi tana ce masa ya tafi, fara'ar me kake so ya yi maka? Kuma Turanci ba harshensa ba ne, shi ya sa maganarsa take fita a tsaye ba lanƙwasa. Ezio ɗan masu kuɗi ne a garinsu, cikin mutanensa. Connor duk inda ya shiga baƙo ne. Ka tuna Achilles, dattijon da ya horar da shi, ma ce masa ya yi gara a ɗauke shi ɗan Sifen ko ɗan Italiya da a san ko shi wane ne, ya kuma ba shi sunan ɗansa da ya rasu.

Kuskuren da na ɗora wa masu gem ɗin shi ne sun ɓoye taushin zuciyarsa a ayyukan gefe. In ba ka yi ayyukan Homestead, wato yankin gidan Achilles, ba, ba ka san Connor ba. Can ne za ka gan shi yana taya Norris neman auren Myriam, yana ruga wa Prudence neman likita tana naƙuda, yana raba Godfrey da Terry faɗa, yana tsaya wa Ellen a kan mijinta mai dukanta. Ya tara mutanen da ba su da kowa ya yi musu gari. Ranar da Achilles ya rasu, ya same shi a zaune a kujera da wasiƙa, ya haƙa kabarin da hannunsa ana ruwa, duk mutanen garin suna tsaye. Na yi hawaye a wurin nan, ba na jin kunyar faɗa. Amma mutum zai iya gama gem ɗin bai ga ko ɗaya daga ciki ba.

Sadik PS:
Anti Bilki, na yarda ban yi Homestead ba, ko a da ko yanzu. Lissafin fatu da katako da tura ayarin kaya ne ya kore ni. Shafukan nan sun fi ƙarfina.

Hajiya Bilki:
Wannan lissafin kam ko ni ban so shi ba, sun ɗan gyara shafukan amma har yanzu wahala ne. Ka bar cinikin, ka bi alamun mutanen kawai.

Abba Gwale:
Kun ga abin da nake faɗa ke nan. Mai gyaran da ya fahimci gem ɗin, da ya jawo waɗannan ayyukan kusa da babban labari, ko aƙalla ya nuna wa mai bugawa cewa kada ya wuce su. Akwai ma jawabin Connor na ƙarshe da aka ɗauka da muryar Noah Watts, mai yi masa murya, aka cire tun a na asali, mutane suka tono shi daga fayilolin gem ɗin suka sa a YouTube. A ciki yake faɗin yadda ya gaza da dalilin da ya sa bai daina ba. Ga dama ta samu a 2019 a mayar da shi wurinsa, ba a mayar ba. Amma an sami lokacin ƙara rigunan Bayek da Alexios, jaruman Origins da Odyssey.

Bash Kawo:
Ni fa har yanzu farkon ne matsalata. Awa biyar zuwa shida kafin ka sa rigar Assassin. A gidan gem ɗin unguwarmu da ake biya da awa, yara biyu na gani sun fara sun bari, suka koma ƙwallo. Wanda ya ga hoton mutum da gatari a bayan faifai, ya zo ya tarar ana koya masa ɗana tarkon zomo, ba zai jira ba.

Musa Damagaram:
Bash, farautar ba ta dame ni ba, ni da na tashi ina bin kawuna daji da karnuka. Yadda yake duba sawu, ya zuba abinci ya laɓe, in ya kashe dabba ya durƙusa ya yi godiya kafin ya feɗe, kuma in ka harbe ta da bindiga fatar ta lalace kuɗinta ya ragu, wanda ya tsara wannan ya san farauta. Wani abin kuma, wasan da ake yi a teburin masauƙi, wanda kake jera uku ka cire na abokin karawa, ai ɗan'uwan dara ne. Na zauna a kansa ya fi awa, kwamfutar tana cinye ni ina sakewa.

Amma ba wanda ya ambaci teku. Aquila, jirgin ruwan Connor, fa? Ranar da na fara riƙe matuƙin jirgin nan, igiyar ruwa ta taso kamar gini, Faulkner mataimakinsa yana ihu, na juya gefe na saki igwa gaba ɗaya, a nan na san an kawo sabon abu. Yaƙin Chesapeake na 1781 har yau yana cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi. Daga nan Assassin's Creed IV: Black Flag ya samo asali a 2013. A sabon kuma ruwan ya ƙara kyau ƙwarai.

Ummi Zariya:
Kuma faɗan hannu. Na buga Odyssey na dawo nan sai na ji sauƙi. Babu lamba a kan maƙiyi, babu sara ashirin kafin mutum ya faɗi. Ka tare, ka mayar, ya kwanta. Sojoji su jeru za su harba bindigoginsu irin harba-ka-ruga, ka cafko ɗaya ka kare kanka da shi. Wasu za su ce ya yi sauƙi da yawa, gaskiya ne, amma kana jin nauyin gatarin a hannunka.

Alhaji Sani Kumasi:
Ina bin ku tun ɗazu. Tambaya gare ni Malam Nura, tunda kai ma uba ne. Yarona ɗan shekara 12 yana ta roƙona wannan gem. Na ji ana maganar wasu halittu da suka riga mutane, wai su suka yi ɗan Adam. Ga kuma kisa. Ya dace?

Malam Nura:
Alhaji, gem ɗin na manya ne, alamar shekara 18 ce a jikin faifan Turai, kuma jinin a bayyane yake ko da yake ana iya kashe shi a saiti. Batun waɗannan halittu, su Juno da Minerva, yana nan, musamman a ɓangaren Desmond, jikan jikokin Connor, na zamanin yanzu da ya ƙare a ranar 21 ga Disamba 2012, lokacin da aka yi ta surutun ƙarshen duniya. Ƙagaggen labari ne, su ma sun rubuta haka a farkon gem ɗin, amma ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi kai tsaye, kuma yaro ɗan 12 ba lallai ya tace ba. Nawa ɗan ya kai 17, kuma ina zaune kusa da shi muna magana a kai. Ni dai da zan ba ka shawara, ka dakata masa tukuna.

Alhaji Sani Kumasi:
Na gode Malam. Zai jira.

Ummi Zariya:
Kafin a watse, ba a yi wa Liberation adalci ba. Jarumarsa Aveline ce, 'yar Bafaranshe da baiwar da aka 'yanta, a New Orleans. Tana shiga uku: ta 'yar masu kuɗi, ta baiwa, da ta Assassin, kuma kowace shiga da inda za a bar ta ta wuce da yadda ake kallonta. In ta sa kayan bayi ta ɗauki akwati, masu gadi ko kallonta ba sa yi. Wannan tunani ne mai zurfi. Matsalarsa an yi shi ne don ƙaramar na'urar Vita a 2012, mishan ɗin gajeru ne, labarin yana tsalle, a babban allo sai ka ga ramukan.

Sadik PS:
To na ji. Zan koma in yi Homestead ɗin saboda maganar Anti Bilki. Amma a PC zan nemi tsohon, da fuskokinsa na asali.

Bash Kawo:
Sai dai in kana da shi tun da, ko ka sami faifai. Sun janye tsohon daga Steam lokacin da sabon ya fito. Wannan ma wani abin haushin ne, a bar mutum ya zaɓa mana.

Abba Gwale:
Sadik, akwai PS3 ɗin yayana a gida da faifan, yana aiki. In ka shigo Kano ƙarshen mako ka biyo ta Gwale ka ɗauka. Sharaɗi ɗaya: kada ka je wurin Charles Lee sai ka halarci bikin Norris da Myriam, kuma in ka gama babban labarin ka koma gidan Achilles ka shiga ɗakin da yake zama.

Sadik PS:
Asabar in sha Allah, bayan la'asar. Hannu biyu ne da shi ko in taho da nawa?

Abba Gwale:
Taho da naka, na gidan maɓallin gudunsa ya saki.